Baƙin mai ne ke sanyaya zuciyar injin rotari

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ka ce mutumin da kake taya aiki a can Amurka yana harhaɗa ƙaramin jirgin sama samfurin RV-6A a garejin gidansa, ya ɗora masa injin rotari, Mazda 13B na motar RX-7, ya bar maka ɗaura lagireton baƙin mai. Kana tambaya, tunda wuri ya yi ƙunci a cikin murfin injin, ko za ka sa ɗan ƙarami ka maƙala shi bayan lagireton ruwa, ko kuwa ka yi amfani da na AC ɗin mota da ka samo a kasuwar gwangwan. Kada ka yi ko ɗaya.

Gangar jikin jirgin nan ba baƙuwa ba ce a wurina. Irinta aka harhaɗa a Kaduna da sunan Air Beetle don horar da matuƙan sojan sama, sai dai namu injin Lycoming ne mai fistan huɗu. A kansa ka koyi aiki, shi ya sa hankalinka ya kwanta da ƙaramin lagireto. To, rotari wani abu ne daban. Ba shi da fistan. Rota biyu gare shi, kowace mai kusurwa uku, suna juyawa cikin gidansu. Ruwa yana zagaya bangon gidan, amma ba shi da hanyar kaiwa ga rota, alhali kuwa fuskokinta uku ne ke karɓar wuta, wannan na wucewa wannan na zuwa. Abin da ke ceton ta shi ne mai da ake fesawa cikin cikinta daga shaf ɗin tsakiya. Ya shiga, ya kwashi zafi, ya gangaro. Wajen kashi ɗaya cikin uku na zafin da za ka fitar daga injin nan ta mai yake bi.

A mota direba kan taka totur na 'yan daƙiƙoƙi ya saki. Jirgi kuwa idan ya kama hawa, injin na juyi wajen 6,000 a minti, ya daɗe a haka, kuma lokacin ne gudunsa bai kai ba, iskar da ke shiga kaɗan ce. Don wannan lokacin za ka auna girman lagireto.

Lycoming yana jure mai har digiri 118 a ma'aunin Salshiyos. Rotari kada man da ke komawa cikinsa ya wuce 99, wato 210 a ma'aunin da suke amfani da shi can. Ni na fi son in gan shi tsakanin 80 da 90. Na taɓa buɗe 13B na wata RX-7 da aka kawo mini tana ta hayaƙi fari-shuɗi. Zobban roba da ke tare mai a gefen rota, waɗanda ya kamata ka lanƙwasa su dawo, da na ɗaga ɗaya da bakin sukudireba sai ya karye ƙas, kamar busasshiyar taliya. Zafin mai ne ya dafa su. Mai motar a bakin titi ya tsaya. Shi kuwa mai jirginku a sama zai kasance, da ransa a ciki.

Batun na AC ɗin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Bi hanyar man ka gani: daga famfo ya fito ta murfin gaba, ya shiga lagireto, sannan ya koma bayan injin ya ratsa filta. Ke nan duk ƙarfin famfo a kan lagireton yake fara sauka. Da sanyin safiya, mai ya yi kauri, matsin yakan kai wajen psi 150 (psi ma'aunin matsi ne) kafin bawul ɗin rage matsi na gaban injin ya saki, ga bugun famfo, ga girgizar injin. Siririn alminiyam da ba don wannan aka ƙera shi ba yakan gaji ya tsage a bakin walda, kafin matuƙi ya ankara man ya ƙare. Ku sayi wanda aka yi don baƙin mai, sabo. Na hannu ba ka san ɓarɓashin ƙarfen da wani mataccen inji ya bari a cikinsa ba. Ko sabon ne, cika shi da mai ka matsa shi zuwa psi 200 ka bar shi ka ga ko allurar geji za ta sauka. Kada ka gwada da iska, in ya fashe zai ji maka.

Yanzu ga inda yawancin masu wannan aiki ke faɗuwa, wato iska. Iska ba ta son wahala. Muddin ta sami ɗan gibi a gefe, nan za ta bi ta bar lagireton. Yi masa tasa hanyar daga waje, bakinta ɗan tsuke, tana buɗewa a hankali har ta kai faɗin fuskarsa, ka toshe gefe huɗu da roba mai jure zafi. Da dare ka kashe fitilun gareji ka sa tocila cikin hanyar. Duk inda haske ya leƙo, iska ma nan za ta zurare. Mafita kuma ta fi mashiga faɗi, domin iskar da ta ɗauki zafi tana kumbura, in ba ta sami wurin fita ba sabuwa ba za ta shigo ba. Bayan lagireton ruwa da kake so ka sa shi, iskar da ke wurin ta riga ta ƙoshi da zafi, me za ta ɗaukar maka?

Tiyo ka sa mai girman AN-10 mai saƙar ƙarfe, ka sa masa rigar kare wuta, ka nisanta shi da salansa, don hayaƙin rotari yakan kai digiri 870 na Salshiyos. Ka bar masa ɗan sassauci saboda injin na motsi a kan kujerarsa, ka kama shi da kilif duk inda zai iya gogar wani abu. Shi kansa lagireton a kan roba zai zauna. Wajen ɗaure haɗi, sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa, kada ka murɗe masa wuya. Na'urar auna zafi kuma a mashigar mai cikin injin za ka sa ta.

Kafin tayarwar farko ka cire fulogai, ka juya injin da sitata har geji ya nuna matsi, sannan ka ƙara mai, don lagireto da tiyo sun sha nasu. Ku ɗaure jirgin, ku tayar, ka rubuta zafin mai da na ruwa kowane minti tare da zafin garin ranar. Turo mini takardar kafin kowa ya yi maganar tashi. Ka gaishe da maigidan naka.