Waya ko kyamara don hotunan yau da kullum?

Malam, ka tambaya ko wayarka za ta wadatar wajen ɗaukar hotunan iyali da kayan shagonka a Agege, ko sai ka sayi kyamara. A ganina, da rana waya ta isa, domin tana haɗa hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta fitar da guda mai kyau. Inda take gazawa shi ne cikin duhu da kuma nesa, saboda na'urar karɓar haskenta ƙarama ce ƙwarai, alhali ta babbar kyamara tana kai faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24. Idan ka je kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Computer Village a Ikeja neman kyamara ta hannu, don Allah ka haska gilashin idonta (lens) da tocila, domin danshin Legas yana sa fumfuna ta tsiro a ciki.