Hoton taurari a Tenere: wane lokaci, wane saiti?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Tawa. Ina shirin zuwa gandun Azbin da Tenere, a hamadar arewacin Nijar, a watan Disamba don in ɗauki tuddan rairayi da taurari. Na gwada a bayan gari, hoton ya fito baƙi ƙirin, wani kuma taurarin sun ja layi. Kyamarar ce ba ta da ƙarfi?

Amsa: Malam, kyamarar da take maka aikin biki za ta iya wannan. Abin da zan so ka sake dubawa shi ne lokacin tafiyar.

Disamba tsakiyar hunturu ne. Ranar da hazo ya taso, ko taurari masu haske da kyar ake gani. Sannan farin kogin taurarin nan da ke ratsa sama, ɓangarensa mafi kauri yana kusa da rana a wannan watan, ba ya fitowa da dare. Za ka samu Kaza da ƴaƴanta, kuma tana da kyau ƙwarai, amma in kogin kake nema, ka jira Maris ko Afrilu, ka tashi kafin asuba ka fuskanci kudu maso gabas. Ni dai na fi son Oktoba: damina ta wanke sama, kogin yana nan kudu maso yamma bayan isha'i.

Ka bi lissafin wata kuma. Daga 27 ga watan Musulunci zuwa 3 ga sabo sama ta fi duhu. Jinjirin wata na kwana huɗu ko biyar ma yana da amfani, don haskensa kan zana ƙugun tudu ba tare da ya kashe taurari ba.

Saiti kuwa, ɗora kyamara kan ƙafa uku, ka danna ƙafafun cikin rairayi har su zauna. Buɗe idon kyamara zuwa f/2.8, ka sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 3200, don kada hoton ya fito baƙi. Layin da ka gani juyawar duniya ce ta jawo shi. Raba 500 da tsawon gilashinka don sanin iyakar lokacin da kyamara za ta yi tana ɗaukar haske: mai milimita 20 kada ya wuce sakan 25. Kashe saitin kaifin hoto (focus) da kyamara ke yi da kanta, ka ƙara girman tauraro ɗaya a allo, ka murɗa zoben gilashi da hannu har tauraron ya zama ɗigo tsaf. Sa jinkirin sakan 2 don kada yatsanka ya girgiza ta.

Kada ka canza gilashi a fili in iska na kaɗawa, rairayin can kamar garin tuwo yake. Batir ka ajiye shi cikin aljihu, sanyin dare yana shanye shi.

Gandun ya haura hekta miliyan 7, yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 1991, kuma ba a shigarsa kai tsaye. Ka nemi izinin hukuma da jagora a Agadas, ka tambayi halin tsaro kafin ka biya kuɗin mota.