Amsa ga mai tambaya kan kwanon tangaran mai sunan Sarki Qianlong

Assalamu alaikum. Alhaji, ka ce an kawo maka kwanon tangaran fari mai zanen shuɗi, da haruffan Sinanci shida a gindinsa, mai shi na cewa daga fadar Sarki Qianlong na ƙasar Sin ya fito, kana tambaya ko ka saya. Ni dai shawarata, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Fatauci ne ya fara kai ni Guangzhou, a can son kwanukan nan ya kama ni, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Na farkon da na saya, a wata kasuwar kayan tarihi a Beijing, irin wannan rubutun ne ya ja ni. Da na kai wa wani dattijo masani, ko kallon rubutun bai yi ba. Kifa kwanon ya yi, ya shafa zoben gindin da babban yatsa, wurin da ba shi da ƙyalli, ya ce wannan dauɗar shafa ta aka yi don ya yi kama da tsoho. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don kuɗin ba kaɗan ba ne.

Abin da rubutun ke cewa shi ne an yi kwanon a zamanin Qianlong na daular Qing, wato 1736 zuwa 1795. To amma rubutu ba shaida ba ne. Tun da can, maginan Jingdezhen, garin da ake gasa tangaran ɗin fada a lardin Jiangxi, sukan sa sunan sarkin da ya shuɗe don girmamawa. Kwanuka da yawa na zamanin Sarki Kangxi, 1662 zuwa 1722, sunan Sarki Chenghua suke ɗauke da shi, alhali zamaninsa ya ƙare tun 1487. Ka ga kwano na iya zama tsoho na gaske, sunan kuma ba na lokacinsa ba. Balle yanzu da masu kwaikwayo suka ƙware, har sukan samo gindin tsohon kwanon da ya fashe su ɗora masa sabon jiki.

Na san labaran da ke sa mutum kwaɗayi. An sayi wani ɗan kwano dala 35 a ƙofar wani gida a jihar Connecticut ta Amurka, ashe na zamanin Sarki Yongle na daular Ming ne, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a 2021 kan dala 721,800. Ƙaramin kofin nan mai zanen kaji na Chenghua kuwa, kusan dala miliyan 36 aka saye shi a Hong Kong a 2014. Amma ka lura, sai da masana suka riƙe su a hannu suka tantance kafin su yi wannan daraja.

Saboda haka fara da tambayar mai kwanon: a wurin wa ya samo shi, yaushe ya bar ƙasar Sin, ina takardarsa? Wannan ba wasa ba ne, domin dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911. Idan ya ce bara ya fito da shi a jaka, ko dai jabu ne, ko kuma ta haramtacciyar hanya ya fito.

Sannan ka ɗora shi a tafin hannu ka ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye yakan yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsagu kuwa muryarsa a dushe take. Ka haska shi da fitilar duba jabun kuɗi, inda aka yi gyara zai fito daban. Dubi kuma ƙarce-ƙarcen cikinsa: na amfani ta ko'ina suke bi, na goge duk hanya ɗaya.

Ka turo hoton gindin a hasken rana, da na ciki, da faɗin bakinsa a santimita. Daga hoto ba zan iya ce maka na gaske ne ba, amma in jabun ya fito fili, in sha Allah zan gane.