Dasashina na jini idan na yi aswaki, shin in daina?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, shekarata 46. Na daɗe ina tofar da jini duk lokacin da na yi aswaki, bakina kuma yana wari. Na rage goge haƙoran don kada in fama wurin. Yanzu haƙorina na gaba, na ƙasa, ya fara girgiɗi, amma ba ya ciwo. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Alamun da ka faɗa na ciwon dasashi ne. Rage gogewar nan da ka yi ita ta fi tayar mini da hankali, don ita ke ƙara wa ciwon ƙarfi.

Gobe da safe ka sa farce ka kankare gindin haƙorinka. Za ka ga wani farin abu mai danƙo. Ba ragowar tuwo ba ne, tarin ƙwayoyin cuta ne. In aka bar shi ƴan kwanaki sai ya daskare ya yi tauri kamar dutse, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda yawu ke taruwa. Masu cin goro kan ɗauka rinin goro ne kawai.

Da farko ciwon a dasashi yake tsayawa: ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. Wannan yana warkewa sarai. Da gogewa mai kyau, jinin kan tsaya cikin mako 1 zuwa 2. In aka yi sakaci, sai ya gangara ƙasa. Dasashin ya saki haƙori, ramin da ke tsakaninsu, wanda bai kamata ya wuce milimita 3 ba, ya yi zurfi, ƙashin da ke riƙe da saiwar ya fara zaizayewa. Warin daga wannan ramin yake fitowa. Girgiɗin da ka faɗa yana nuna ka kai nan, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Rashin zafi shi ke yaudarar mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa sama da mutum biliyan 1 na fama da ciwon dasashi mai tsanani.

A shekarunka, ina roƙonka ka auna sukarin jininka. Ciwon sukari da ciwon dasashi suna ingiza juna, wani ma daga bakinsa ake fara gano sukarin. Taba, ta sha ko ta gari, tana ɓata dasashi, sigari kuma har ɓoye jinin yake yi. Juna biyu, ƙarancin bitamin C, da wasu magungunan hawan jini irin su amlodipin su ma suna kumbura shi.

Kada ka bar aswaki, yana da amfani. Amma ka tauna kansa ya yi laushi, ka bi gindin haƙori a hankali, ciki da waje. Ka haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki, minti 2, safe da kafin barci. Gawayi da toka su kam ka rabu da su, kankare haƙori suke yi. Ruwan gishiri mai ɗumi yana rage kumburi, amma ba ya cire abin da ya daskare, haka ma ƙwayoyin da ake saye a bakin kasuwa. Sai likitan haƙori ya kankare shi da na'ura har ƙarƙashin dasashi. Ka je cikin makon nan, ka nemi a yi wa haƙorin mai girgiɗi hoto, don a ga yawan ƙashin da ya rage.