Tambaya da Amsa: Me ake gani a dajin ciyawar teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga unguwar Birni a Damagaram, na samu gurbin karatu a Kef Tawun, Afirka ta Kudu. An ce can ana nutso da tukunyar iska cikin dajin ciyawar teku. Iyona na tafki ne. Zan iya? Kuma me ake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa a gama lafiya. Iyon tafki zai taimaka, amma bai isa ba. Sai ka yi kwas ɗin farko na nutso, wanda ke ba ka izinin sauka zuwa mita 18. Kafin nan ka ga likita; mai sikila ko asma kada ya shiga sai da yardarsa.

Ciyawar ana kiranta kelf. Irin ta can, Ecklonia maxima, tana kama dutse da gindinta, kararta na iya wuce mita 10, ganyen kuma ya bazu a saman ruwa. Ruwan sanyi take so, shi ya sa ta yi yawa a gaɓar da igiyar ruwan sanyi ta Benguela ke bi har Namibiya. Ɓangaren Atilantika yakan sauka ƙasa da digiri 12, don haka ɗan Damagaram ya nemi rigar roba mai kaurin milimita 7, da hula da safar hannu. Wanda ke rawar ɗari ba ya ganin komai, iskarsa ma da wuri take ƙarewa.

Sabon shiga yakan yi ta gudu yana hangen nesa, ya fito ya ce ba kowa a ciki. Dabbobin suna ƙasa, a gindin ciyawa da tsagin duwatsu. Ka tsaya wuri ɗaya minti biyu, ka haska tocila cikin rami, domin jan launi yakan fara ɓacewa tun daga mita 5, sai haske ke dawo da shi. Idan ka ga tarin ɓawon katantanwa a bakin rami, duba da kyau, galibi gidan okotofus ne, mai hannuwa takwas ɗin nan da ke sauya launi. Dogayen gashin baki biyu da ke leƙowa daga tsagi na lobsta ne, wani irin babban jatan lande. Akwai ƙananan kifayen shak masu ratsi, tsawonsu kusan mita ɗaya, da wani da ke naɗewa ya rufe ido da wutsiya in an taɓa shi. Kada ka taɓa. Haka bushiyar teku, ƙayarta na karyewa cikin fata. Katantanwar abalon kuwa ɗaukarta laifi ne babba, kuma nutso a yankin da aka killace don kare halittun teku sai da takardar izini.

Ka sani gilashin fuska na ƙara girman abu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ka rage kuri in ka dawo gida.

Ruwan wurin yana kai da komowa, ciyawar na kaɗawa kamar gonar hatsi ranar iska. Kada ka yi kokawa da shi: in ya tura ka gaba ka buga ƙafa, in ya dawo ka riƙe kara ka jira. Idan ciyawa ta sarƙe tukunyarka, kada ka juya, juyi ke ƙara ɗaurewa. Tsaya, ka ja baya kaɗan, abokin nutsonka ya warware.

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Zango ta ce, me ya sa ake hana riƙe numfashi yayin nutso da tukunyar iska?

Amsa: Hajiya, a mita 10 nauyin da ke kan jiki ninki biyu ne na sama. Iskar da aka shaƙa a can tana kumbura ninki biyu in an taso, tana iya fasa huhu. A riƙa numfashi kullum, a taso a hankali, kamar mita 9 a minti, a dakata minti 3 a mita 5. Tukunyar da aka cika zuwa 200 a ma'aunin matsin iska, a fito da sauran 50. Bayan nutso fiye da ɗaya, sai an yi awa 18 kafin a hau jirgin sama.