Ta yaya makiyayi yake gane kowace saniya a garkensa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da maƙwabci makiyayi, shanunsa duk farare ne. A idona ba su da bambanci, amma shi daga nesa yake gane kowace, har ya kira sunanta. Baiwa ce ko koyo? Kuma da wurin da ƙwaƙwalwa take gane fuskar mutum yake gane su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Galibinsa koyo ne. Tambayarka ta biyu kuwa har yau masana suna jayayya a kanta.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, ta wajen bayan kunne, akwai wani ɗan yanki da ake kira fusifom. A 1997 wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Nancy Kanwisher, da abokan aikinta a Amurka suka nuna da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa cewa wurin yakan ƙara aiki idan mutum ya ga fuska fiye da idan ya ga gida ko hannu, musamman a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwar. Fuska kuma a dunƙule ake gane ta, ba ido daban hanci daban ba. Shi ya sa in ka juya hoton ɗan'uwanka kai ƙasa sai ka ɗan tsaya kafin ka gane shi, alhali hoton kujera ba ya ba ka wannan wahalar.

Sai wata masaniyar, Isabel Gauthier, ta zo da wata hujja a 2000. Ta gwada gwanayen motoci da na tsuntsaye, ta ga wurin yana ƙara aiki idan kowa ya kalli abin da ya ƙware a kai. A fahimtarta, aikin yankin shi ne bambance abubuwa masu kama da juna da ido ya daɗe yana tantancewa, fuska kuwa ita ce wadda kowa ya fara ƙwarewa a kanta tun yana goye. Maƙwabcinka ya tashi cikin shanu, kullum sai ya rarrabe su, idonsa ya saba haɗa lanƙwasar ƙaho da tozo da tafiya a kallo ɗaya.

Amma ni ba zan ce wuri ɗaya ne tak ba. A 1993 an ba da rahoton wani mutum a Ingila da shanyewar ɓarin jiki ta hana shi gane fuskokin mutane. Daga baya ya shiga kiwon tumaki, ya koyi gane fuskokinsu, na mutane kuwa suka ci gaba da gagararsa. An kuma samu manoman da rauni a ƙwaƙwalwa ya ɗauke musu gane shanunsu. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne hanyoyin biyu, ta gane mutum da ta gane dabba, maƙwabta ne da suke tarayya a wani ɓangare, kuma ɗaya tana iya lalacewa ta bar ɗaya.

In kana so ka gwada, ka roƙe shi ya koya maka sunayen biyar daga cikinsu, ka riƙa ware su kowace safiya. Kallo kawai ba ya wadatarwa, sai an tilasta wa ido ya ce wannan ce, ba waccan ba.