Tambaya da Amsa: In kafa fankar lantarki ta iska a rufin shagona a Agege?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina sana'ar ƙanƙara da ruwan sanyi a Agege, firiza biyu gare ni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ɗin janareta ke lashe ribata. Wani ya tallata mini fankar nan mai ba da wuta da iska, ya ce wat 1,000 ce, wai ta fi sola tunda har da dare tana aiki. In saya? Mene ne amfaninta da aibinta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Na'urar ba ta bogi ba ce, amma ba a yi ta don rufin shago a tsakiyar Agege ba.

Wat 1,000 ɗin da aka rubuta a jikin kwali, wutar da za ta bayar ke nan idan iska na gudun wajen mita 12 a daƙiƙa ɗaya. Irin wannan iskar ce ke kaɗa manyan rassan bishiya, har laima ta gagari mai riƙe da ita. Sau nawa ka ga haka a Agege, in ba hadari ne ya taso ba? Kuma wutar ba ta raguwa daidai da raguwar iska, faɗuwa take yi warwas. Iska ta ragu da rabi, wuta ta koma kashi ɗaya cikin takwas. In gudun ya sauko zuwa mita 4, wato sulusin na farko, kashi ɗaya cikin 27 za ka samu, wat 37 ke nan ko ƙasa da haka. Ƙwan fitila uku ko huɗu zai kunna, firiza kuwa ko gezau. Da zarar gudun ya yi ƙasa da mita 3, yawancinsu ba su ba da komai, ko da kana ganin fukafukan na juyawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Cikin garin Legas kuma iskar ba ta da ƙarfi, ɗan abin da ke zuwa daga teku ma benaye, tankunan ruwa da allunan talla sun farfasa shi kafin ya iso gare ka. Fanka na son iska miƙaƙƙiya mai zuwa ta fuska ɗaya. Shi ya sa ake ɗora ta kan dogon ƙarfe, ta ɗara duk gini ko bishiyar da ke kusa da wajen mita 10. Kai kuwa kana maƙwabtaka da filin jirgin sama na Ikeja, inda dogon ƙarfe sai da izinin hukumar jiragen sama. In ka ce a rufi za ka ɗaure ta, girgizarta za ta riƙa bin katako da kwano tana sassauta ƙusoshi, da damina ɗaki ya fara yoyo, kai da mai gida ku sa zare. Ga laimar Legas mai kawo tsatsa, ga tsawa da ke neman abin da ya fi tsayi. Batir da inbata ma dole ka saye su, kamar dai mai sola.

Inda iska take, amfaninta ba kaɗan ba ne. Ba fetur, ba gas, ba hayaƙi, ba ta shan ruwa kamar tashoshin da ke ƙona mai, kuma gaskiyar mai tallan ne cewa dare bai hana ta aiki. Manoma na ci gaba da noma da kiwo a ƙarƙashin manyan fankokin, waɗanda kan yi shekara 20 zuwa 25 suna aiki. Denmak na samun fiye da rabin wutarta daga iska. A Kenya, tashar da ke kusa da tafkin Turkana na da fankoki 365 masu ƙarfin megawat 310 (megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ke nan), don wurin ba ya rabo da iska mai ƙarfi. Senegal ma tana da tata a Taiba N'Diaye.

Aibinta babba shi ne ba a ba iska umarni, sai an tanadi batir ko wata tashar da za ta cike giɓi. Tana da ƙara, tana kashe tsuntsaye da jemagu in an kafa ta kan hanyarsu, kuma tsofaffin fukafukan na da wuyar sake sarrafawa. Wurin da iska ta fi yawa kan yi nisa da gari: ta Turkana an gama ta a 2017, amma sai da ta zauna jiran layin wuta mai tsawon fiye da kilomita 400 har zuwa 2018.

Mu a Najeriya iskar ta fi ƙarfi a Arewa, wajen Sakkwato, Katsina da tsaunukan Jos. Can aka kafa tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, fankoki 37, megawat 10. Aikin ya fi shekara goma yana jan ƙafa, har aka sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin a 2012. A ganina matsalar can ta tsaro da rashin kulawa ce, ba ta iska ba. Ka kuma auna megawat 10 da tashar gas ta Egbin da ke wajen Ikorodu, mai megawat 1,320.

Shawarata, zuba kuɗin a farantan sola da batir mai kyau. Sana'arka ma ta dace da ita: firiza ta daskarar da ƙanƙara da rana, da dare ka rage buɗe murfi, janareta ya zama na ko-ta-kwana a Yuni da Yuli lokacin da gajimare ke rufe sama. In kana da fili a bakin teku wajen Badagry ko Ibeju-Lekki, a nan za a iya duba maganar fanka, bayan an kafa ma'aunin iska na wasu watanni a tsayin da za a ɗora ta. Shi kuma mai tallan, in ya dawo, ce masa ya nuna maka a takardar kamfani wat nawa take bayarwa a gudun mita 4.